Motar da Ta Sha Ruwa a Baki

Katifa yake sayarwa. Shekara talatin da ɗoriya yana cikin shago ɗaya, yana danna soso da tafin hannu, yana ce wa mutane su kwanta su ji da bayansu. Amma in ka shiga layinsu ka ce kana neman Mai Katifa, sai an tsaya an yi tunani. Ka ce Ratsa-Daji kuwa, ko baƙon da ya tare jiya zai nuna maka ƙofar. Mota ce ta jawo masa sunan.

Jif ce baƙa, irin ta manyan mutane, mai kujerun fata da sanyi mai ratsa ƙashi. Hannu na biyu ya saye ta, lafiyarta ƙalau, ba abin da take nema wurin kowa sai mai. Shi ne dai bai iya barin abu yadda ya same shi ba. Da taya ya fara. Ya cire na kamfani ya sa wasu masu manyan haƙora, kowace ta kai masa ƙugu. Tayoyin suka ƙi zama a gurbinsu, sai aka ɗaga motar aka sa mata dogayen sifirin. Da ta ɗagu sai ya ga gabanta ya yi tsirara, aka ƙera mata bamba ta ƙarfe kamar ƙofar kurkuku, aka ɗaura injin ja mai doguwar waya a jiki, wai don ranar da za ta maƙale. Aka kafa bututu a gefen gilashi ya miƙe sama, don ta riƙa shaƙar iska ko tana cikin ruwa. Fitila goma sha ɗaya. Tanti a kan rufi, tsani a baya, shebur da gatari da jarkoki biyu jajaye a ɗaure. Can baya ya cire kujeru biyu ya sa firji da durowa.

Matarsa ta ce da farko mota ya kawo gida, yanzu kuwa bene ne mai taya. Ba ta yi ƙarya ba, don sai da aka yi masa 'yar kujerar katako da igiya a jiki. Ya taka ya hau ya jawo ta ciki, in zai sauka ya zura ta ƙasa.

Duk bayan mako biyu, ran Asabar, sai ya sa wando mai aljihu takwas da takalmi mai ɗauri, ya haye, ya danna hon sau biyu don layi ya sani, ya fita. Lahadi da yamma ya dawo, laka ta yi wa motar kaca-kaca har ƙofofi. Litinin kuma, in an rufe shaguna, ya tsallaka titi zuwa bencin da ke ƙofar shagon Tela, abokinsa na ƙuruciya, inda dattawan layin suke zama, ya buɗe labari.

Ga gaskiyar maganar kuwa. Gidan yayarsa yake zuwa, can ɗaya gefen gari, kwalta tun daga ƙofarsa har ƙofarta. Ya shigar da motar bayan katanga, ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙarƙashin fanka ya yi ta barci kamar aikin da aka ɗauke shi ke nan. Kafin ya taho sai ya ɗebi ƙasa a gindin furanninta, ya kwaɓa a bokiti, ya naɗe hannun riga, ya bi motar yana watsa mata da kwano. Yayar ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Ita ta goye shi, ta san tun yana ƙarami ko kwata ba ya tsallakawa sai an riƙe masa hannu.

Cikin labaransa duka ba kamar na kogi. Ranar da ya fara ba da shi, ruwa iya rabin taya ya tsaya. Shekara na zagayowa ya kai ƙofa. Da aka shekara shida, ruwan ya haura sitiyari, shi kuma yana tuƙi da numfashi a riƙe, har da wani kifi da ya tarar a aljihun gaban motar yana wutsil-wutsil a kan takardun mota. Tela ya fi kowa son wurin kifin nan. In Ratsa-Daji ya tsallake shi, shi ke dawo da shi baya.

Sai gwiwa ta zo ta ɓata komai. Wata safiya a ƙofar shago, yana waya, ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa bai zura kujerar ba. Ya taho gaba ɗaya. Allah ya taimake shi kan katifar talla ya faɗa, amma gwiwar dama ta riga ta murɗe. Likita ya duba hoto ya ce daga yau kada ya sake hawa abin da ya fi gado tsayi. Matarsa na tsaye a wurin, da kunnenta ta ji. Suna komawa gida ta ɗauke kujerar ta kulle a ɗakin ajiya.

"Baban yara, ka zaɓa," in ji ta. "Ko gwiwar ko benen. Ni ba zan yi jinyar abu biyu ba."

Ya yi fushin kwana uku, bai dai yi da abinci ba. Ran na huɗu ya kira dillali.

Dillalin wani siriri ne mai tarin makullai a ƙugu da tabarau a goshi. Ya zaga motar sau biyu, Ratsa-Daji na biye da shi da sanda yana nuna masa kaya ɗaya bayan ɗaya.

"Tayoyin nan kaɗai, in na faɗa maka abin da suka ci, sai ka nemi wurin zama."

"Yallaɓai, mai sayen mota ba ya sayen sha'awar wani. Duk abin da ka ƙara, kai ka ji daɗinsa. Shi wahalar cirewa zai duba. Amma ba ma wannan ba." Ya buɗe ƙofa, ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya kifa hanci a kafet ya shaƙa. "Ba ita ce ta sha ruwa ba?"

To a wurin masu harkar mota ba kalmar da ta kai wannan muni. Mota ta yi karo, a buga a yi fenti. Inji ya ƙone, a sauke a ɗora wani. Amma in aka ce ta sha ruwa, an gama da ita. Ruwa ya shiga cikin wayoyi ya kwanta, yau fitila ta kama da kanta, gobe gilashi ya ƙi sauka, jibi ta mutu a tsakiyar titi ba wanda ya san abin da aka yi mata.

"Wa ya faɗa maka?" in ji Ratsa-Daji.

"Wa bai faɗa mini ba? Har garejin bakin gari an san zancen kifin."

Ya yi tayi. Ratsa-Daji ya ce ko tayoyin ba zai ba shi a haka ba.

"To taimake ni in taimake ka, yallaɓai. Ka dubi idona ka ce ba ta taɓa shiga ruwa ba, in kawo maka mai saye na kirki kafin mako ya ƙare."

Ratsa-Daji ya buɗe baki. Sai ya hango Tela a tsallaken titi, tef a wuya, ya dafa ƙofa yana kallonsu. Nan take ya ga inda ya sa kansa. In ya ce ba ta shiga ba, motar za ta yi daraja, shi kuma ya koma Mai Katifa, tsohon da ke watsa wa motarsa laka da kwano. In ya ce ta shiga, sunansa na nan daram, motar kuma sai masu sayen ƙarfe a sikeli.

"Ta shiga," in ji shi. "Amma ai ta fita."

"Su ma sauran duk fita suka yi, yallaɓai."

Mutum uku dillalin ya kawo cikin mako biyu, kuma duk ukun Tela ne ya kore su, da zuciya ɗaya. Da ya hango baƙo a gaban motar sai ya ajiye almakashi ya tsallako don ya taya abokinsa talla.

"Malam, kar ka yi wasa da wannan dama. Abin nan da kake gani, jirgin ruwa ne aka sa wa taya. Mutumina, ba shi labarin kifin."

"Tela, ɗinkin mutane na jiranka."

"Su jira. Kunya yake ji, malam, ba ya son yabon kansa. Bari ni in faɗa maka."

Na farko ya ce zai je ya yi shawara da iyalinsa. Na biyu ya tuna yana da taro. Na uku, wani mai sarƙa a wuya da ke son abin da zai riƙa ajiyewa a ƙofar otal, bai ma tsaya jin ƙarshen kifin ba. Daga nan dillali ya daina ɗaga waya. Ratsa-Daji ya rubuta takarda da hannunsa ya manna a gilashi. Kullum da safe matarsa ta leƙa ƙofar gida ta ce, "Har yanzu benen na nan?" Ya ce ana magana.

Wata Talata da hantsi sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan tana tari. Wata mata ta sauko, za ta yi shekara arba'in, cikin shuɗiyar rigar aiki da takalmin roba. Rijiyar burtsatse take haƙa wa ƙauyuka, ma'aikatanta Injiniya suke ce mata. Ta tarar da Ratsa-Daji cikin wandonsa mai aljihu takwas, ta gaishe shi da ladabi, ta ce takarda ta gani. Ba ta dubi fitilun ba, ba ta dubi tantin ba. Kwali ta ɗauko daga bayan motarta ta shimfiɗa a ƙasa, ta kunna tocila, ta shige ƙarƙashin jif ɗin sai ƙafafunta kawai ake gani.

Ta daɗe. Tela ya riga ya iso, yana ta jujjuya tef, labari na cin sa a baki ba wanda zai ba.

Da ta fito sai ta je jikin ƙofa. Lakar tafiyarsa ta ƙarshe na nan a bushe, don Ratsa-Daji ya hana a wanke, wai ita ce shaidar motar. Ta ɓanɓaro kaɗan da farce, ta murza, ta duba tafin hannunta.

"Baba, wa ke zuba wa motar nan laka?"

"Daji mana," in ji Tela.

"Lallai daji ne mai tsabta. Ya bar ƙasa tas, ya shafa wa sama. Har da ganyen fure a ciki." Ta karkaɗe hannu. "Baba, ni ba mai dogon zance ba ce. Cikin motar nan ta ƙasa ko ƙwarzane ɗaya babu. Abu biyu ne. Ko dai ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, in haka ne yau zan saya, kuma ba zan yi maka tayin raini ba. Ko kuma ta sha ruwan da ake faɗa, aka canja komai aka goge don a rufe mai saye. In haka ne, ko kyauta ba na so."

"A rufe ki?" Tela ya zaro ido. "Yarinya, kin san da wa kike magana kuwa? Mutumin nan..."

"Tela," in ji Ratsa-Daji.

Injiniya ta dubi fuskar tsohon, ta ga gumi na bin gefen kunnensa alhali a inuwa yake. Aikinta ya haɗa ta da dattawa iri-iri, ta san mutumin da ke da magana amma ido ya yi masa yawa.

"Mu ɗan zaga da ita, Baba. Ni da kai."

"Madalla, 'yata. Hakan ya fi."

Kafin ya rufe baki Tela ya kama ƙofar baya ya ɗare kamar ɗan shekara ashirin.

"Shekara shida ina roƙon ka tafi da ni kana ce mini ba wurin tela ba ne. Yau kam ko da ƙugiya ba mai sauke ni."

Injiniya ta ajiye akwatin kayan aikinta a ƙasa, Ratsa-Daji ya taka, Tela ya jawo shi ta kwala daga ciki. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan ce ta ƙarshe, ka ji ko ba ka ji ba!"

Injiniya ta kama sitiyari. Shi a zatonsa layi za su zagaya su dawo. Sai ya ga an wuce kasuwa, an wuce gidan mai na ƙarshe, gidaje sun fara yin nesa da juna. Bayan rabin awa ta karya sitiyari hagu, ta sauka daga titi zuwa wata hanyar da take bi in za ta wurin aikinta. A karo na farko tayoyin nan masu haƙora suka taka ƙasar Allah.

Motar ta fara rawa. Jarkokin sama, da ba a taɓa zuba musu komai ba, suka shiga kiɗa. Ƙofar firji ta buɗe tana ta bugun durowa. Ratsa-Daji ya kama marikin da ke saman ƙofa da hannu biyu.

"Mutumina!" Tela ya ɗaga murya daga baya. "Haka kake sha duk Asabar?"

"Wannan ai shimfiɗa ce," in ji shi ta tsakanin haƙora.

Suka gangara wani kwari, sai ga ƙorama a gabansu. Faɗinta bai wuce katifa uku a jere ba, da idon sana'a ya auna. Ruwan ja ne, yana tafiya a hankali, ga sawun shanu a bakinsa. Injiniya ta taka birki ta juyo.

"Baba, kai ne gwani. Ta ina za mu bi?"

"Tsakiya!" in ji Tela. "Shi kullum tsakiya yake bi. Ko ba haka ba?"

Ratsa-Daji ya gyaɗa kai. Injiniya ta dube shi, ta ba shi lokaci ko zai canja shawara. Bai canja ba. Ta yi ajiyar zuciya ta shiga tsakiya.

Suna kaiwa tsakiyar motar ta zauna. Ta taka totur, tayoyin baya suka yi ta juyi suna feshin taɓo, motar na ƙara nutsewa kamar mai neman wurin kwanciya.

"Sa mata ƙaramin giya, Baba."

Akwai wani gajeren giya kusa da babban, shi ke raba ƙarfi ga ƙafa huɗu in hanya ta yi tsanani. Ratsa-Daji ya san shi sarai, a nan yake rataya ledar maganinsa. Ya tura gaba, ya ƙi. Ya ja baya, ya ƙi. Sai ya shiga danne-danne. Fitila goma sha ɗaya suka kama da rana tsaka, abin share gilashi ya fara kai da komo, hon ya yi ihu har tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Injiniya ta cire ledar maganin ta miƙa masa, ta kama giyan da hannu biyu. Ko motsi. Ya ƙage, don tun da aka ƙera motar ba wanda ya taɓa neman sa da wani aiki.

Ta kashe inji. Aka yi shiru, sai ƙarar ruwa a jikin taya. Ko kusa da ƙofa ruwan bai zo ba, amma Tela ya riga ya ɗora ƙafafu a kan kujera ya rungume gwiwoyi.

"Ni fa ban iya ruwa ba. Mutumina, yaushe ake fara riƙe numfashin?"

"Ina abin danna injin ja?" in ji Injiniya.

Yana cikin durowa, a kwalinsa, da salatif ɗin shago a jiki. Ta yaga kwalin ta ciro shi. Ta sauka cikin ruwan, ta taka bamba ta buɗe bonet, ta leƙa. Can sai ta ce, "Baba, zo ka ga wani abu."

Ba kujera, ba akwati. Ya juya baya ya rungumi kujerar mota ya sulale a hankali, har ruwa ya karɓe shi. Sanyi ya soke shi har ƙeya. Ruwan iya gwiwa ne. A taku na biyu taɓo ya riƙe masa takalmin hagu, ya ja ƙafa, ƙafar ta fito ita kaɗai.

Injiniya ta nuna masa wata jar waya mai kauri, a naɗe, an ɗaure bakinta da baƙin salatif an cusa ta gefen batir.

"Wayar injin ja ce. Ba a taɓa haɗa ta ba. Wanda ya ɗaura maka ya san ka, Baba."

Ratsa-Daji ya dubi wayar. Ya dubi ruwan da ke zagaya wandonsa. Ta gefen ido yana ganin kan Tela a waje ta taga, kunne a buɗe. Ya lissafa hanyoyin zillewa, ya ga duk sun ƙare. In ya sake cewa ta shiga kogi, matar nan za ta ɗauke shi ɗan damfara, ta mayar masa da benensa ƙofar gida, ya zauna da shi har ya ruɓe.

"'Yata," in ji shi, "motar nan ba ta taɓa shiga ruwa ba. Ko daji ba ta taɓa zuwa ba. Yau ne na farko, ni da ita duka. Gidan yayata nake zuwa in yi barci. Lakar kuma ni nake kwaɓawa a bokiti."

"Kifin fa?"

"Babu kifi."

Bai waiwaya ba. Bayansa kawai yake ji yana zafi, daidai inda idon Tela yake.

Injiniya ba ta yi dariya ba, kuma har ya mutu ba zai manta mata wannan ba. Ta ciro sifana daga aljihu ta haɗa wayar. Ta jawo ƙugiyar injin ta ratsa ruwa da ita, ta ɗaura a gindin wata ƙatuwar bishiya a tsallake. Ta dawo ta hau ta tayar da mota, ta miƙo masa abin dannawa ta taga.

"Danna, Baba. Kai ka saya."

Ya danna. Wayar ta miƙe ta yi tauri, tana ɗigar ruwa. Injin ya yi wani irin kuka mai kauri. Motar ta girgiza, taɓo ya sake ta da ƙyar, ta taho a hankali, baƙa, ƙatuwa, ruwa na zuba daga haƙoran tayoyinta, har ta haye tudu ta tsaya. Shi kuwa yana tsaye cikin ƙorama da baki a buɗe. Ashe ba haka kukan injin yake ba. Shekara shida yana kwaikwayonsa a benci, duk ba daidai ba.

A nan bakin ruwa aka yi ciniki. Ta faɗi abin da za ta biya, kuma ta cika alkawari, ba tayin raini ba ne. Amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne ko da ƙafa ɗaya ba takalmi, sai da ya ce ta ƙara. Ta ƙara kaɗan, ya ce ya sallama. Ta ce tanti da firji da fitila tara, ya aiko a kwashe, ita aiki za ta yi da mota ba biki ba.

Ta koma tana naɗe waya. Sai a lokacin Tela ya sauko. Ya kama hannun Ratsa-Daji ya ja shi bayan motar, inda ba za ta ji su ba. Ratsa-Daji ya sunkuyar da kai yana jira. Ya ji hannun Tela na rawa, ya ɗaga ido, sai ya ga mutumin dariya yake har da hawaye, ya toshe baki da tef.

"Ja'iri! Tsohon ɗan kasuwa! Wai babu kifi! Wallahi da ban san ka ba, da ni ma na yarda."

"Tela..."

"Har da gidan Yaya. Har da bokiti! Ina ka samo bokiti, don Allah? Ga ka nan kana ta danne-danne kamar ba ka san giya ba, ka kunna mana fitila da rana. Wayar ma tun a gida ka cire, ai na gane. Kar ka damu, ba za ta ji a bakina ba. Mota dai ta sayu."

Ratsa-Daji ya tsaya yana duban fuskar nan da ya sani shekara sittin, yana neman inda ba'a ta ɓuya. Tela na ta share hawaye. Ko da gaske yake, ko rufa masa asiri yake yi, ya kasa ganewa, kuma ya ga ba shi da wata riba a tambaya.

"Kasuwa ce, Tela," in ji shi.

Da rana ta karkata Injiniya ta sauke su a ƙofar gida, ta ce gobe za ta zo da mai tuƙa mata tsohuwar motarta a yi takardu. Tela ya tsallaka shagonsa da sauri, dattawa sun fara taruwa a benci. Matar Ratsa-Daji na tsaye a bakin ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa. Laka har cinya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, ledar magani a hannu.

"An sayar?"

"An sayar."

"Gwiwar fa?"

"Tana nan inda take."

Ta sunkuya ta taɓa ƙafar wandon, ta murza lakar a yatsa.

"Yau kam ka je daji, Baban yara. Shekara shida ina wanke wandon nan, ko ƙaya ɗaya ban taɓa cirewa ba. Sai ƙamshin sabulun gidan Yaya."

Ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu na bakwai.

"Shiga ka cire ka kawo in jiƙa," in ji ta.

"Bari tukuna. Zan ɗan leƙa benci."

"A haka? Da takalmi ɗaya?"

"Da shi ɗayan zan je."

"To kar ka zauna wa mutum a kan yadin ɗinki, ba ni da bakin ba da haƙuri."

Ya miƙa mata ledar maganin, ya gyara zaman wandon, ya nufi titi yana ɗingishi, yana sauri kada lakar ta bushe.